Rimot Na Biyu

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara, kuma aiki yana tafiya daidai. Mu ma nan ƙalau muke, sai kewarka.

Albishirinka, dabarar da ka bar mini ta yi aiki. Ka tuna tun da rawar hannun nan ta kama Baba, ɗan jirginsa mai rimot ba ya tashi sai ya dawo da karyayyen fiffike, shi kuma ya wuni ba ya kula kowa. To, wani mai gyaran kayan lantarki ya haɗa rimot ɗinsa da wani na biyu kamar yadda ka ce. Na Baba yana kunna fitila, yana ƙara, amma nawa jirgin yake bi. Duk ranar hutu in na kai shi filin bayan tsohuwar masana'anta, sai in zauna a kujerar bayan mota, ƙofa a buɗe, rimot a cinyata, mayafi ya rufe shi. Shi kuwa yana can gaba ya baje ƙafafu, abokansa sun kewaye shi.

Bakin Baba ne ya sauƙaƙa mini aiki. Ka san halinsa, ba ya juya jirgi sai ya sanar wa duniya. In ya ce zai karya hagu, in karya. In ya ce zai kifa shi ya bi ta kan tankin ruwa, in kifa. Saukar da na yi ranar nan, ko ƙura tayoyin ba su tayar ba. Tela, abokinsa mai dariyar nan kamar ana jan kujera a kan siminti, har rungume shi ya yi. Baba ya dawo gida yana waƙa, ya ci abinci har da ƙari. Ni kuwa na shiga banɗaki na yi kukan daɗi.

Ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin ƙaramin naka? Allah ya ƙara sauƙi. Ka yi haƙuri da shiruna, abin da zan faɗa maka ne ya yi mini nauyi.

Kwanakin baya, bayan na sauke masa jirgi lafiya, Tela ya ba shi shawarar ya koya mini tuƙi, tunda kullum ina zaune a mota ba aikin komai. Baba ya ƙwala mini kira. Na tura rimot ƙarƙashin kujera na je. Ya kama hannuna ya ɗaga sama kamar mai tallan kaza, ya ce su duba da kyau, wai wannan hannun ko kofi bai iya riƙewa ba. Ya ce ɗa ɗaya ya haifa, yana can wurin aiki, ni kuwa gyara aka ba shi don ɗaukar batir, shi ya sa mijina ma ya gwada ya dawo masa da ni. Suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Yaya, a lokacin shatin sandar rimot bai ma bar babban yatsana ba.

Ban karya masa jirgi ba. Karya jirgi ai sauƙi ne, gam zai gyara. A hankali na bi shi. In ya ce hagu, sai in ɗan jinkirta. Wajen sauka in bar jirgin ya yi ta tsalle kamar kwaɗo. Da tafiya ta yi nisa, in ya ce dama, sai in yi hagu. Ka ga yadda yake sunkuyawa yana kallon yatsunsa! Ya zagi iska, ya zagi batir, ya sake tabarau. Yanzu dariyar Tela a kansa take sauka.

Shekaranjiya na same shi a teburin aikinsa, ya danne hannun dama da na hagu yana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa. Na haɗa masa shayi, na cika kofin har baki, na miƙa masa na tsaya ina kallo. Rabin shayin a rigarsa ya ƙare. Na so in ce maka na ji tausayinsa, amma ban saba yi maka ƙarya ba. Daɗi na ji, har cikin raina.

Ina gaida kowa.

Auta

Yayana na kaina,

Ina fata wannan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso, na karanta zagin da ke ciki tas, na gode.

Ka ce za ka faɗa masa gaskiya. Bismillah. Sai dai ka haɗa da cewa duk tashin da aka tafa masa ba nasa ba ne, kuma ɗan nan nasa guda ɗaya shi ya shirya a mai da shi abin wasa. Ka faɗa, ni zan riƙe masa wayar a kunne, tunda shi ba ya iyawa.

Ranar hutun da ta wuce abin ya kai ƙarshe. Ya yi ta kiran jirgi ya dawo, ni kuma ina ƙara nisa da shi wajen tankin ruwa. Kawai sai ya saki rimot ɗinsa ƙasa. Dole na yi maza na soka jirgin cikin ciyawa, kada ya ga yana tashi ba mai riƙe da shi. Baba ya durƙusa a gaban mutane yana kuka da majina. Tela bai yi dariya ba wannan karon, ya dafa kafaɗarsa yana ce masa tsufa ne, kowa zai je. Na lura wannan ya fi dariyar yi masa ciwo.

Ni ya sa na liƙe fiffiken da ya karye, yana tsaye a kaina yana ce mini sakarya. Da gam ya bushe, ya kira abokansa ɗaya bayan ɗaya, ya shaida musu cewa ƙarshen wata ɗansa zai zo ya tashi jirgin nan, su ga gidansa bai rasa hannu ba. Shi ya ce in rubuto maka. Tun ranar yake cin abinci, yana tambayata kwanan wata.

To, Yaya, mu biyu mun san abin da Baba ya ƙi sani. Duk shekarun da ya yi yana koya maka, ba ka taɓa sauke jirgi a kan tayoyinsa ba, shi ne dai kullum yake ɗora wa iska laifi. In ka ƙi zuwa, ka kashe shi da kunya. In ka zo, ni ce zan zauna a bayan mota da mayafina. Ka riƙa faɗar abin da za ka yi da ƙarfi, yadda zan ji. Ko zan bi bakinka, wannan ban yanke ba tukuna.

Ka gaida matarka. Ka taho da yaran, Baba yana so su ga ubansu yana tuƙi.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta