Tsuntsayen Da Suka Yi Waƙa Ban Ji Ba

Garin Janos, watan Yuni

Zuwa ga Leocadia, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan ƙasata mai ƙishi, inuwata idan rana ta take, ke da fushinki ma ya fi mini murmushin kowace mace daɗi!

Masoyiyata, tun da kika tafi birnin Juárez jinyar mahaifinki ban taɓa aiko miki da abin da zai ɗaga miki hankali ba. Yau kam dole ta sa.

Shekaranjiya na fita ƙidayar tsuntsayen bana, wannan aikin sa-kai da ya haɗa ni da ke, a hanyarmu ta kullum da ke ratsa makiyaya. Kin fi ni sanin ƙa'ida: a tsayar da mota, in fito in yi minti uku, abin da na gani ko na ji in faɗa, mai rakiya ya rubuta. Kunnen mutum ɗaya ake so kowace shekara, domin a gane ko tsuntsayen ƙasar nan suna ƙaruwa ko suna ƙarewa. Mai rubutu kuwa, ko busar mala'ika ya ji, sai ya yi gum. Da ba kya nan, sai na ɗauki aminina Anselmo makanike, sarkin surutu. Na ce masa, "Anselmo, yau dai ka ɗinke bakin nan naka." Ya ce, "Haba Fulgencio! Matata ta gwada har ta yi furfura ba ta iya ba, sai don gwara?"

Gari ya fara wayewa, na fito, na kasa kunne. Kurciya ta yi kuka can nesa. Hankaka ya wuce da muryarsa ta ɗan giya. Shi ke nan. Ciyawar nan tamu, wadda a irin wannan wata take tafasa da waƙa saboda masu sheƙa da masu neman aure, ta yi tsit. Muka matsa gaba, tsit. Muka ƙara gaba, tsit! Wace annoba ce ta bi dajin nan? Wa ya share shi ba mu sani ba? Amma na ci gaba da faɗin ɗan abin da na samu.

Sai muka iso tsohuwar maƙabartar nan ta rugar da aka watse, mai gicciyen katako duk a karkace. A nan na gan su, Leocadia. Tsuntsaye suna nan reras a kan wayar shinge, bakuna a buɗe, maƙogwaro na karkarwa, kawuna a ɗage sama, kuma babu sauti ko ƙanƙani. Wannan ɗan gwaran da kike ƙauna, mai tashi sama da waƙa ya sauko a hankali da fikafikai a shimfiɗe, ya tashi a gabana, ya sauko, bakinsa na motsi kamar na mai addu'a a bayan gilashi. Wayyo Allah! Na yi alamar gicciye. Na dafa ƙirjina in ji ko zuciyata na bugawa, don wallahi tunanin da ya zo mini shi ne na mutu a hanya ban sani ba, kuma haka matattu suke ganin duniya: komai na motsi, babu abin da ke kiransu.

Na waiga wajen Anselmo. Yana kallona, idonsa ya yi ja, amma ya riƙe alkawari. Mutumin da ko a coci ba ya shiru, ya yi mini shiru har ƙarshen hanya, kuma shirunsa ya fi maƙabartar ba ni tsoro. Da muka gama ya kashe mota, ya ce, "An gama, ko? In buɗe baki?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Ɗan'uwa, dajin nan tun asuba kamar ranar kasuwa yake. Ni da ban san gwara daga jaki ba, har kaina suka sa wa ciwo."

Nan take na tuna bara, a wannan wurin. Kin juya kanki hagu da sauri, fensir a ɗage, kina jira in faɗa. Na ce kurciya biyu, babu ƙari. Kika sauke fensirin a hankali, hawaye ya cika miki ido, kika ce hayaƙin mota ne. Da muka koma gida kika dafa kunnena da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro, ni kuwa wawa na ɗauka wasa ne. Ashe kin sani! Ƙa'ida ce ta ɗaure miki baki, rabin raina, ko tausayi? Yaya kika ɗauki wannan nauyi ke kaɗai, kina naɗe mini wake a tortiya, wainar masarar nan tamu, kina dariya?

Jiya na ga likita. Ya ce siraran sauti ne suke fara tafiya, daga su sai muryar yara da ta mata, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ashe watannin nan da nake zagin layin waya idan kin kira, layin ba shi da laifi. Na sanar da masu shirya ƙidaya su soke abin da na kawo bana da bara, kada su yi wa tsuntsaye makoki alhali suna raye. Hanyar kuwa taki ce idan kina so. Ni in riƙe fensir, in koyi yin gum.

Amma ba don hanya nake roƙonki ba, furen zuciyata. Mun sa bikinmu Disamba, kuma wa ya san abin da zai rage mini kafin Disamba? Tsoron da ke cina shi ne in tsaya gaban limamin coci, in ga leɓɓanki suna motsi, in tsaya ina kallo kamar yadda na tsaya a gaban shingen nan. Mai kunne kika yi wa alkawari. Idan ba za ki iya zama da kurma ba, ba zan riƙe ki ba. Kai, ƙarya nake yi, zan riƙe ki da hannu biyu, amma ba zan ga laifinki ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki rubuto amsa. Ido yana nan, zai yi ta karatu har tsufa. Ki zo, ko tare da Babanki ne ki taho, na gyara masa ɗaki. Ki tsaya ta gefen dama, wannan kunnen ne mai sauran rai, ki faɗa mini da bakinki tun ina iya ji. Ko a'a ce, Leocadia, ina so in ji ta.

Naki ke kaɗai, da kunne ko babu, har ranar da ƙasar Janos za ta rufe ni,

Fulgencio