Filon Baban Sumayya

Gusau, ranar Talata

Zuwa ga Yayata Balkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da jaririnmu da maigidanki Mansur da duk mutanen Tsafe. Ya ruwan zafi? Allah ya raya mana. Tun da aka rufe layukan waya ba mu da hanyar jin juna, shi ya sa na yagi takarda a littafin Sumayya na rubuto. Malam Hamidu direba zai miƙa miki.

Kada ki tsorata, mai wuyar ta wuce. Zazzaɓin nan da Baban Sumayya ya yi ta fama da shi a Furfuri, yana cewa ai na damina ne, ashe taifot ce, har ta huda masa hanji. Da cikin ya kumbura muka ɗauko shi zuwa Gusau, a ranar aka shiga da shi tiyata. Sun yanke inda ya lalace sun ɗinke. Kwanansa tara a asibiti, jiya aka sallame mu. Likita ya ce kada mu yi nisa saboda wankin ciwo, sai Baba ya ce ina za mu je ga gida? Ya sa aka share ɗakin nan da ke jikin turakarsa, wanda muke ɓuya ciki muna yara. Kin san bangon, ko tari aka yi ana ji.

Shi dai bai so ba. Wai ina aka taɓa ganin namiji ya yi jinya a gidan surukai. Na ce to ya tashi ya taka zuwa Furfuri da ƙafa mu gani.

Kafin mu fito likita ya zaunar da ni ya yi min bayani dalla-dalla. Maganin ciwo sau uku a rana, a kan lokaci, bayan ya ɗan sa wani abu a ciki, kada a jira sai ciwon ya taso. Ya riƙa ɗan takawa a tsakar gida. In zai yi tari ko zai tashi, ya danne wurin ɗinkin da filo. In kuwa ciwon ya sauya, ko zazzaɓi ya dawo, ko iska ta daina fita, a dawo da shi nan take. Da aka zo zancen iska mutumin naki ya juya fuska bango, ni kuwa dariya ta kusa kashe ni. Na ɗinka masa sabon filo da ragowar shuɗiyar atamfata, na cika shi da audugar rimi.

Yaya, Allah ya ba ni namiji. Duk ɗakin da aka kwantar da su nishi ake yi da salati, shi ko uffan. Ma'aikaciyar jinya ta ce ya auna mata ciwon daga ɗaya zuwa goma, ya ce biyu. Biyu fa, da ciki a tsage! Har kaina ya yi girma.

Inna tana gaishe ki, ta ce kada ki yi wasa da kunun kanwa. Ki shafa min kan jariri.

Ƙanwarki,
Sa'adatu

Gusau, ranar Laraba

Yayata Balkisu,

Sallama da fatan alheri. Ya jego, ya ɗan baƙonmu? Na ga dakakken yajin da kika aiko, Allah ya bar zumunci.

Kwananmu tara ke nan a gidan Baba. Yau a cike nake, ki yi haƙuri da ni. Kin san Baba da son Baban Sumayya, tun ranar da ya kawo masa damin gero na farko. To yanzu ya bar wa yara shagon hatsi. Da hantsi zai ɗauko buzunsa da rediyonsa ya shigo ɗakin, wai kada surukinsa ya ji kaɗaici. Ba zai tashi ba sai an kira azahar. Da la'asar ya dawo.

Ke ma kin san abin da ya biyo baya. Ina zai ci abinci a gaban suruki? Ko ruwa ba ya kurɓa. Zan kawo kunu da magani in ajiye, kunun ya huce har ya yi fata, maganin yana nan a kan faranti. Na rana ya koma na yamma, na yamma ya bi ruwa. Likita ya ce kada a bari ciwo ya riga magani, mu kuwa kullum ciwon ne a gaba.

Wannan ma da sauƙi. Kowace safiya da ya ji takun Baba sai ya sauko daga katifa ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Da ɗinki a ciki, Yaya! Baba yana ta cewa ya bari, ya bari, amma ka ga yana jin daɗi. Na yi faɗa har na gaji. Ya ce min gara ɗinkin ya ɓalle da a ce ɗan Furfuri ya gaida surukinsa a kwance. Na ce Allah ya shirye shi.

Na kai ƙara wurin Inna, ta yi dariya ta ce tarbiyya ce, in gode wa Allah, wasu surukan ko hula ba sa cirewa. Ta ce kuma wa zai ce wa Alhaji ya fita daga ɗaki a gidansa? Gaskiya ni ma na kasa. Sau biyu ina zuwa bakin turakarsa da maganar a bakina, in gaishe shi in juyo. Ina zagin kunyar wani, ga tawa ta ɗaure min harshe.

Tun jiya ba na son yadda nake ganinsa. Gumi yake yi ko da fanka tana juyawa. Ya daina zagayen tsakar gida. Filon nan ba ya rabuwa da shi, wani lokaci sai in shigo in tarar ya kifa fuska a ciki, ya ce barci ne. Duk wanda ya ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Baba kuwa har a masallaci yake ba da labarinsa, wai bango ɗaya ya raba su amma ko nishinsa bai taɓa ji ba.

Ranar Litinin ce ranar komawarmu asibiti. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Sa'adatu

Asibiti, Gusau, ranar Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata ku kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi.

Ba mu kai Litinin ba. Jiya da safe ya sauko zai durƙusa wa Baba kamar kullum, sai ya kife a wurin, ya kasa tashi. Da na taɓa shi jikin kamar garwashi, cikin ya yi tauri kamar dutse. A mota na matsa masa da tambaya, sai ya faɗa min gaskiya. Tun Talata ciwon ya sauya, ya bar bakin ɗinki ya game cikin duka. Kwana uku iska ba ta fita ba. Na ce don Allah me ya hana shi faɗa min? Ya ce in ya faɗa min zan ɗaga murya, Baba zai ji.

Sun ce ɗinkin da ke can ciki ne ya buɗe, ƙazanta ta zuba. Sun sake shiga da shi. Likita ya ce irin wannan yana faruwa ko da an bi doka, kada in ɗora wa kaina. Amma ya ce da ranar Talatar muka zo, da aikin bai kai haka ba. Ya tambaye ni ina nake har kwana uku. Ina nake, Yaya? Ina nan, ina dama kunu, ina jin daɗi ana yabon mijina.

Yanzu ya farfaɗo, da robobi a hanci da ciki. Yana nishi, yana kiran sunan Allah da ƙarfi, har ya ce wa ma'aikaciyar jinya goma. Wallahi ban taɓa jin abin da ya yi min daɗi kamar nishin nan ba. Sun yi masa allura ya samu sassauci. Da ya buɗe ido abin da ya fara tambaya shi ne ko Baba yana kusa. Na ce ya tafi gida. Ƙarya na yi, yana nan tsaye a baranda tun asuba, ya ƙi shigowa, ya ƙi zama.

Kada ki ce za ki taso, ba ki yi arba'in ba, ga hanya yadda take. Addu'arki ta ishe mu.

Sa'adatu

Furfuri, ranar Lahadi

Yayata Balkisu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yaro da babansa. Mansur ya iso ranar addu'ar bakwai, ya isar min da ta'aziyyarki da turaren da kika aiko. Na gode. Allah ya ba mu haƙuri. Ina nan ɗakina ina takaba, Sumayya tana gefena. Gero ya nuna a gonar Baban Sumayya, ƙannensa za su yanke.

Kwana biyar ya yi bayan aiki na biyu. Bai sha wahala sosai a ƙarshe ba, suna ba shi allura a kan lokaci, shi ma ya daina ɓoyewa. Ya cika da hantsi, hannunsa a cikin nawa, da kalmar shahada.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke. Ranar da za mu taho Furfuri na shiga ɗakin nan in haɗa kayansa. Na ɗauki filon zan zare rigar in wanke, sai na ji gefe ɗaya ya yi tauri. Na juya shi. Yaya, duk kusurwar a tattaune take. Haƙoransa sun huda atamfar sun huda ƙyallen ciki, audugar ta dunƙule da yawu, ga ɗigon jini ya bushe. Ashe duk lokacin da na gan shi ya kifa fuska, ba barci yake ba. Cizo yake yi don kada sauti ya ƙetare bango.

Ina tsaye da shi a hannu Baba ya shigo ɗaukar buzunsa. Ya karɓa, ya daɗe yana shafa wurin da yatsa. Tun da nake ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da Kaka ta rasu. Ya zauna a ƙasa, daidai inda ake durƙusa masa, yana ta cewa shi fa zaman taya hira yake yi, me ya sa ba wanda ya ce masa ya tashi. Ni ce zan faɗa masa, ban faɗa ba. Na san kwana ne ya ƙare, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Wani lokaci haushinsa nake ji, wani lokaci haushin kaina, sai in tuna ba wanda ya yi don mugunta a cikinmu, kuka ya zo min sabo.

Na taho da filon, ban wanke ba. Ina kewar Arzika, Yaya. Shekara tara ban taɓa kiran sunansa ba, yau na rubuta.

In Mansur ya yi ko ciwon kai ya ce miki da sauƙi, kada ki yarda, ki dubi fuskarsa. Kuma ina roƙonki alfarma ɗaya. Takardata ta farko, in tana nan, ki nemo wurin da na rubuta miki cewa ya ce biyu har kaina ya yi girma. Ki yage wurin ki sa a murhu.

Ƙanwarki,
Sa'adatu