Tsuntsu Mai Guntuwar Ƙafa

Zuwa ga maigidana Lauya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da baƙar rigar nan taka mai kama da labule. Ni kakarka ƙalau nake, sai gwiwa. Na rubuto da hannuna ne don wayata ba ta da sirri, in ka gaishe ni har maƙwabta suna amsawa.

Direba ya kawo takardun rajistar ƙungiyarmu. Na ga sunayenmu mu huɗu a matsayin amintattu, da gurbi ɗaya da ka ce in cike. Na ga dokoki shafi goma sha ɗaya, har da yadda za a tsige shugaba. Wa ya sa ka rubuta wannan? To, bar shi. Abin da ya hana ni sa hannu shi ne hoton tambari.

Shekara tara muna ɗinka barguna muna kai wa jarirai asibiti kyauta, kowane bargo da jan tsuntsu a kusurwa, ƙafa ɗaya doguwa, ɗaya guntuwa. Na takardarka ƙafafunsa daidai suke kamar soja a fareti. Wuri ɗaya na san irinsa, kantin da ke ƙofar asibiti, inda aka fara sayar da barguna da alamarmu. Babbar nas ta kira ni ofishinta, ko kujera ba ta nuna mini ba. Ta ce ana zancen muna karɓar yadin taimako muna kai wa kanti, in ban kawo takardar da ta raba namu da nasu kafin ƙarshen wata ba, kada mu sake taka ɗakin haihuwa.

A ina ka samo wannan tsuntsu? Ka faɗa mini gaskiya, ko in sake miji.

Na bar ka lafiya,
Kakarka.

*

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwar girmamawa da fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Batun tsige shugaba kowace ƙungiya tana rubuta shi, ba da ke ake ba. Idan aka yi rajista, ƙungiya za ta tsaya da sunanta ko bayan ranmu. Shi kuma tambari, hoto ɗaya ake shigarwa, kuma shi doka za ta kare. In an shigar ba a gyara shi, sai dai a sake sabo. Ranar da muka shigar za a ba mu takardar shaida, ita za ki kai wa babbar nas, ni kuma in rubuta wa mai kanti da mai ɗinka masa wasiƙar gargaɗi.

Hoton daga bargo na ɗauka, a hannun wadda ba na zargi. Na zaɓi wanda ya fi tsaf ne, don na ɗauka guntuwar ƙafa kuskuren ido ce. Ina roƙo ki sa hannu, kwana goma sha biyu suka rage.

Ki huta lafiya,
Jikanki.

*

Maigida,

Gaisuwa, amma gajera, don ka ɓata mini rai. Kuskuren ido? Idon wa? Kuma "wadda ba na zargi" ba ta da suna ne?

Ka yi tunani da kan nan da aka kai makaranta. In na sa hannu a tsuntsunka, doka ta kare na kanti ke nan, mu mu zama masu kwaikwayo.

Tun da ka rufe baki, na shiga bincike da kaina. Na fara da sakatariyarmu, tsohuwar malamar nan, don ta sayi sabon keken ɗinki ba ta faɗa wa kowa ba. Na je gidanta da sunan duba jikanta, na aike ta ruwa sau uku, na leƙa har ƙarƙashin gado. Ban samu komai ba sai takalmin da na ara mata bara. Allah ya yafe mini, ita ma ya yafe mata.

Sai na tura maƙwabciya kanti ta kawo mini bargo ɗaya. Na sa tabarau, na juya bayansa a bakin taga. Ɗinkin hannu na kalmasa ya kwanta ta ɓangaren da ba namu ba. Bahaguwa ce ta yi shi. Ƙullin ƙarshe kuma nawa ne, mai zagaye biyu. Bahaguwa ɗaya na taɓa koya wa allura a duniya, kuma ni na goya ta.

Ka san uwarka ta zauna da mu wata uku, kullum tana miƙe ƙafar tsuntsu, tana cewa muna ba ta kunya. Rannan a gaban mutane na ce ta tashi ta ba mu wuri. Ta naɗe zarenta ta fita, ba ta sake tambayar barguna ba. Mutane ina ce musu ƙafar tana da tarihi, kowa da labarin da nake ba shi. Gaskiyar ita ce jan zare ne ya ƙare mana ranar farko. Ita ta san haka, shi ya sa abin yake ci mata rai.

Yanzu faɗa mini, wasiƙar gargaɗin nan ta gidan waya za ka aika, ko ƙarƙashin ƙofarta za ka tura?

Kakarka.

*

Kaka,

Barka da war haka. A ɗakin Mama na ɗauki bargon, na zaci naki ne. Na nuna mata wasiƙarki. Ta karanta sau biyu, ta ce ita ba yadinku ta taɓa ba, nata ta saya, kuma ba ta san maganar babbar nas ba. Daga nan ta rufe ƙofa. Kwana biyu ina jin ƙarar almakashi. Ban iya rubuta gargaɗin ba. Ki aiko da bargo na gaskiya in sake hoto, saura kwana biyar. Gurbin amintacciya ta biyar har yanzu babu kowa, in ba a cike ba ba za su karɓa ba.

Jikanki.

*

Maigida,

Ga bargo, ga sa hannuna. A gurbin na rubuta sunan uwarka da fensir. Wadda ta iya kwaikwayonmu haka ita za ta fi gane mai kwaikwayo. In ta yarda ta bi kansa da biro, in ta ƙi ta goge. Kada ka ce na ba ta haƙuri, ban ba ta ba. Ka dai ce kujerarta tana nan.

Kakarka.

*

Inna,

Ina gaisuwa. Na karɓo sauran barguna daga kanti, guda goma sha huɗu, ga su nan a hannun direba. Na warware ƙafa ɗaya a kowanne, na mai da ita guntuwa irin taku. Na bi sunan da biro.

Har yanzu a idona tsuntsun nan gurgu ne.

'Yarki.