Katakon Baba Mai Rami Biyu

Kuopio, watan Mayu

Zuwa ga Yayana Aulis,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Saimi da yara. Yaya gwiwar nan taka? Sanyin Kanada ya sake ku, ko har yanzu kuna fama? Mu nan ƙanƙarar tafki ta narke, ruwa ya buɗe, sauro ne kawai bai iso ba tukuna.

An sallamo Inna daga asibiti. Aikin ƙugun ya yi kyau, likita ya ce bai cika ganin mai shekara tamanin da ɗoriya ta miƙe da wuri haka ba. Tana gidanmu, tana zagaye falo da sanda tana nuna wa maigidana Rauno inda bai share da kyau ba. Ta wannan wajen ka kwantar da hankalinka.

Abin da ya sa na ɗauki biro daban ne, kuma kada ka yi dariya, ko da yake na san sai ka yi. Maganar makewayin gidanmu na bakin tafki ce.

Ranar Lahadi muna shan kofi, Inna ta ajiye kofinta ta ce, "Ku saurara, sau ɗaya zan faɗa. Bana ma zan je bakin tafki. In na shiga makewayi na zauna na tashi da kaina, to ina can har ƙanƙara ta kama ruwa, kamar kowace shekara. In kuwa sai an shigo an ɗaga ni, na gama da wurin. Ku sayar, ku nema mini ɗaki a gidan tsofaffi, ba za ku ji bakina ba." Daga nan ta ce a miƙo mata sukari.

Yaya, ka san Inna. Ba barazana take yi ba, ba kuma tausayi take nema ba. Tun tana amarya ba ta taɓa tsallake kaka ɗaya ba ta yi a gidan tafkin ba, ko shekarar da Baba ya rasu ita kaɗai ta je ta tsinko 'ya'yan daji. Amma matar nan ta gwammace ta rabu da wurin a kan 'yarta ta ga an kama ta a hammata. Wallahi ta burge ni.

Ka tuna katakon da Baba ya yi, mai rami biyu, babba na manya da ƙaramin da muke faɗa a kansa? Ya yi ƙasa da yawa. Ni ma da ƙuguna lafiya sai na dafa bango nake tashi. Don haka muka je shagon kayan gini mu ga abin da ake yayi. Akwai irin mai ganga wanda ke mayar da komai taki, akwai farin soson nan mai tauri da ake ɗorawa don kada sanyi ya ciji mutum, akwai kuma wani gindi na roba mai tsayi, da hannu dama da hagu kamar kujerar hakimi. Rauno ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zama, da hularsa da jakarsa, fuska ba wasa, yarinyar shagon tana tsaye tana kallon silin. Na ce, "Malam, jarida zan kawo maka?" Ya ce, "Ki bar ni, aiki nake yi."

Mun sayo mai hannuwan. In rani ya zauna za mu kai Inna ta gani. Ka rubuto ka faɗi ra'ayinka, tunda kai ma ka ci moriyar wurin. Ka gaida Saimi da kyau.

Ƙanwarka,
Sirkku

Bakin tafki, watan Yuli

Yaya Aulis,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Takardarka ta iso, mun gode da hoton jikoki. Shawararka ta farin soso na karanta wa Inna, amsarta tana ƙasa, ka daure.

Mun iso, Rauno ya fito da gindin robar daga mota yana ta murna. Inna ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa da sanda, ta ce, "Wannan ai na san shi, a asibiti muka zauna tare. Ku bari sanyi ya sauko ku gani, ko ya tsage ko ya tafi da fatar mutum. Rauno, Allah ya yi albarka, mayar musu da kayansu." Bawan Allah ya ce to a fasa tsohon bencin gaba ɗaya a yi sabo. Kallo ɗaya ta yi masa ya tafi neman abin yi a wajen kwalekwale.

Katakon Baba dai ba ya zuwa ko'ina. Ta ce da icen haapa ya yi shi, irin na bencin sauna, ɗakin wankan tururinmu, ba ya sartse, ba ya riƙe sanyi, kuma shekaru sun goge shi ya yi santsin da ba kafintan da zai iya. Gindin da ke ƙarƙashinsa za a ɗaga. Tambayar ita ce, a ɗaga zuwa ina?

Ni na ɗauko awo na ce a bi lambar da mai gashin ƙashi ta asibiti ta ba mu. Inna ta shige ɗaki. Can sai ga ta ta fito, Yaya, cikin ranar Yuli da ko kare ya nemi inuwa, sanye da wandon ulu biyu, da babbar rigar sanyi, da manyan takalman ƙanƙara, har da safar hannu. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "A asibiti da rigar barci suka auna ni. Ni da rigar barci nake zuwa makewayi a watan Oktoba?"

Mu duka mun girma a ƙasar nan, amma ba wanda ya tuna. Takalmin kaɗai ya ƙara mata tsayin yatsa biyu, wandunan kuma sun hana gwiwa lanƙwasa yadda ta saba.

Ta sa Rauno ya jera faskaren itace a tsakar gida, tsibi-tsibi, wani ya fi wani tsayi, ya ɗora allo a kan kowanne. Ta bi su tana zama tana tashi, gumi na zuba. Na farko ta kasa tashi. Na kai hannu, ta ce, "Kul." Ta zauna tana haki har ta mirgina ta kama bishiya ta miƙe. A mafi tsayin ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, ta ce ita ba tsuntsuwa ba ce. Aka cire itace ɗaya, aka mayar da siriri, aka sake cirewa. Ni na gaji da kallo, ita ba ta gaji ba. Da ta samu daidai, ta jingina sandarta da tsibin, ta karɓi wuƙar Rauno ta yi tsaga a jikin sandar. Ta ce ga lambarta nan.

Da yamma a barandar sauna ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ashe haka Baba ya yi mata lokacin da suke sababbin aure. Ya jera itace a wannan filin ya ce ta zauna, ita kuwa kunya kamar ta nutse, surukarta na leƙe ta taga. Ta ce, "Duk maƙwabta da tsayin maigida ake yin benci. Babanku da tsayina ya yi, shi ya sa ya ƙare rayuwarsa gwiwa a haɓa, bai taɓa ƙorafi ba." Ta yi dariya har da hawaye, ni kuma nawa hawayen ba na dariya ba ne.

Sai rigima ta biyu. Rauno ya ce a yanke ɓangaren ƙaramin ramin, a samu wurin kafa ƙarfen dafawa, tunda ba yaro a gidan kuma in an ɗaga katakon ba yaron da zai kai. Gaskiya ni na goyi bayansa, don tsoron faɗuwarta nake ji. Inna ta ce ba a yanka komai. Yaro ai matakala ake yi masa, yara kuma ba su ƙare a duniya ba. Abin dafawa kuwa, ta aike shi rumfa ya ɗauko tsohon filafilin tuƙin Baba, wanda bakinsa ya karye. Ya ɗaure shi a bango da manyan ƙusoshi, daidai inda hannunta ke kaiwa. Maƙamar ta lotsa a inda Baba ke riƙewa, tafin Inna ya zauna a ciki daram.

Rauno ya yi gindin da katako mai kauri, daidai da tsagar sanda, ya mayar da katakon Baba a kai bai ƙara masa ko ramin ƙusa ɗaya ba. Na ce to Inna, bismillah, a gwada. Ta ce tana shiga tana fita ai, amma wannan ba gwaji ba ne. Da zafi kowane ƙashi mai biyayya ne. Sai safiyar da raɓa ta daskare a kan ciyawa za a sani. Ka ji fa, ita ke ƙara wa kanta wuyar jarrabawar, alhali da ta ce ta ci ba mai musa mata.

Game da sosonka, ta ce a saya a rataye kusa da murhu, saboda baƙi irinka da suka saba da banɗaki a cikin ɗaki har jikinsu ya lalace. Ka taya mu da addu'a.

Taka,
Sirkku

Bakin tafki, watan Oktoba

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida Saimi da yara da jikoki, da fatan kowa yana lafiya. A kan teburin girki nake rubuta wannan, za mu jefa ta a akwatin gidan waya a hanyarmu ta komawa.

Mun zo hutun ƙarshen mako, muka tarar Inna ta cika robobi da jajayen 'ya'yan daji. Maƙwabciyarta ce ke kwana da ita tun da muka koma aiki, bisa sharaɗin ba za ta daina ba sai an yi gwajin. Jiya da safe na buɗe labule na ga ciyawa ta yi fari fat, ruwan bokiti ya yi ɓawo. Na juyo, Inna har ta sa takalmanta. Na ga yadda ta sauko daga gado, na san ƙugun ya ƙage. Na ce ta bari ta sha kofi jiki ya saki. Ta ce, "Ranar da ba ku nan, kofi zai jira ni ko ni zan jira shi?" A bakin ƙofa ta ce kada wanda ya biyo ta. In ta buga bango da sanda, to mu zo, mun kuma san ma'anarsa.

Muka tsaya a taga ni da Rauno. Ta bi 'yar hanyar a hankali, ta shiga, ta bar ƙofar a ɗan buɗe ta wajen tafki yadda ta saba. Shiru. Kofina ya huce a hannuna. Ban da kunne ba abin da ke aiki a jikina, ko reshe ya motsa sai in ce sandar ce. Na tuna gidan tsofaffin da na je na duba a ɓoye, mai tsabta, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci. Da abin ya yi tsawo na nufi ƙofa. Rauno, mutumin da bai taɓa hana ni komai ba, ya riƙe hannun rigata ya ce, "Ba ta buga ba."

Sai ƙofar ta buɗe. Ta fito a tsaye, ta juya ta sa sakata, ta tsaya tana gyara safar hannu kamar wadda ta fito daga coci. Rauno ya zauna daɓas a kan akwatin itace ya cire tabarau yana gogewa.

Da ta shigo ba ta kalli kowa ba. Ta ce, "Dusar katakon da ake zubawa a ramin ta kusa ƙarewa, wani ya cika bokitin." Na ce, "Haba Inna, kin kusa kashe ni. Me kika tsaya yi?" Ta ce dinyoyi ne suka taru a kan ruwa za su tafi kudu, ta zauna sai da ta ga tashinsu. Da tsohon tsayin, wai, ciyawar bakin ruwa ce kawai ake gani, yanzu kuwa har tsibiri. Ta dafa kafaɗar Rauno ta ce ya iya aiki. Tun aurenmu bai taɓa jin haka daga bakinta ba, har yanzu bai dawo daidai ba.

Na rungume ta na ce shi ke nan, magana ta ƙare, ba sayarwa. Ta ɗan ture ni ta dube ni, ba fushi, ta ce, "Sirkku, maganata tana nan yadda na faɗe ta. Yau dai na tashi. Gobe da safe zan koma in sake tambaya."

Ba zan ɓoye maka ba, na so ta ce mini har abada. Amma ban taɓa alfahari da kowa kamar yadda na yi da ita a lokacin ba.

Ta sallami maƙwabciyar, mu ma ta ce yau mu kama hanya kafin duhu. Rauno ya cika mata rumfa da itace, ya gama matakalar yara, ta sa shi ya sake gogewa don kada ta yi wa wani sartse. Ta ce in gaya maka ka kawo jikokinka da rani, ƙaramin ramin yana nan, sosonka ma yana rataye.

Yau da safe ma ta je, Yaya. Ban tsaya a taga ba, na juya baya ina yanka burodi, amma kunnena yana can. Ba ta buga ba.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Sirkku