Kujerun Marsandin Baba

Ngamiani, Tanga.

Zuwa ga yayana Kombo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Zuhura da yara. Allah ya ba ku juriyar zafin Maskat, ya sa albarka a cikin aikinka, ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ruwan sama ya ɗauke, sai dai ya bar mana laima a kowane lungu. Ƙafafun Mama da sauƙi, har ta koma suyar fanken nan namu na mandazi da safe duk da mun hana ta. Maigidana Rajabu yana nan yana fama da aikinsa a tashar jiragen ruwa. Baba kuwa, tun shanyewar ɓarin jikin nan hannun dama bai dawo ba, maganarsa kuma sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci abin da yake nufi. Saboda shi na zauna na rubuto maka doguwar takarda maimakon in kira ka a waya, inda ka saba tare ni kafin in kai aya.

Yaya, saƙonka ya iso ta bakin Kawu Jumbe, cewa a sayar da Marsandin Baba tun tana da sauran daraja. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, don ka ga ta zauna a rumfa babu mai tuƙa ta. Kawu bai yi sanya ba, ya zo mana da wani dillali mai sayen tsofaffin motoci yana farke su. Da aka buɗe ƙofar, warin fumfuna ya fara yi mana sallama. Fatar kujerun ta yi fari fat, ta bushe, ta tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Dillalin ya toshe hanci yana dariya, wai ko kaza sai an roƙe ta kafin ta yi ƙwai a ciki. Ya shiga lissafa abin da zai cire, inji da fitilu, sauran kuma a kai wa masu gwangwan. Duk wannan a gaban Baba aka yi, yana zaune a baranda, kowa ya ɗauka ba ya bin maganar. Sai muka ji yana buga sandarsa a ƙasa, yana bugawa har ta suɓuce masa. Daga nan ya juya fuskarsa ga bango, ya ƙi abinci har washegari, ko shayin da Mama ta kai masa bai kalla ba. Kai labari za ka ji, ni kuwa da idona na gani.

Ka fi ni sanin motar nan. Rabin amaren Ngamiani a cikinta aka kai su ɗakunansu, har da taka. Kuma ko a makon da dillalin ya zo, maƙwabciyarmu Saumu ta shigo tana tambaya ko motar za ta iya ɗaukar 'yarta bayan Babbar Salla, wai Baba ne ya kai ta gidan miji, tana so 'yarta ma ta bi wannan hanya. Don haka na ce wa Kawu a dakata, ni zan gyara kujerun. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ni da ko keke ban taɓa yi wa iska ba, wai in bar aikin maza in koma kan murhu. Na ce masa to, Allah ya ba shi haƙuri, amma motar ba za ta fita gidan nan a bayan wata motar ba.

Injin bai ba mu wahala ba, Rajabu da wani abokinsa bakanike sun tashe shi. Kujerun ne aikin, don babu amaryar da za ta ɗora farar rigarta a kan fumfuna. Tun kafin in fara ma aka so a gama da ni. Na dawo daga kasuwa na tarar Mama ta shafe kujerar baya da man kwakwa, wai shi ke gyara mata kaushin ƙafa, fata kuma ai fata ce. Kafin a jima kujerar ta yi baƙi tana danƙo, ga wari, ga kiyashi sun yi layi kamar an gayyace su walima.

Da na ga haka sai na ɗauko Kihiyo, dattijon nan mai ɗinkin kujerun mota a bayan tasha. Ya leƙa, ya shinshina, ya tambayi Mama ko soya kujerun za mu yi a ci da shinkafa. Mama ta ce masa ya yi abin da ya kawo shi, bakinsa ya fi allurarsa kaifi. Da farko ya ce a yaye fatar gaba ɗaya ya ɗinka ta roba, aikin 'yan kwanaki. Na ƙi. Ya ce to ni na jiyo, don raya tsohuwar fata aiki ne mai cin hannu da lokaci, shi kuma aiki ya yi masa yawa. Amma ya yarda ya nuna min, ya riƙa leƙowa, ya kuma yi ɗinkin da ya fi ƙarfina.

Mun kwance kujerun mun fito da su inuwa, domin ya ce rana ita ce babbar abokiyar gabar fata. Na fara da buroshi mai laushi na kakkaɓe fumfunar, sannan na bi da kumfar sabulu marar ƙarfi a tsumma, ba tare da na jiƙa fatar ba. Man kwakwar Mama kaɗai sai da na yi ta wankewa ina bari ya sha iska ina sakewa, har yatsuna suka yi kanta. Bayan ta bushe aka zo kan man fata na gwangwani. Kihiyo ya ce tsohuwar fata kamar majinyacin da ya daɗe bai ci ba ce, ba a ɗura masa, sai kaɗan kaɗan. Ana lakato ɗan mitsitsi a murza a hankali, a bari ta sha, a goge abin da ya rage, gobe a ƙara. Inda ta yage ya sa ƙyallen fata ta ciki ya liƙe da gam, ƙananan tsagogin kuma muka cike su da wani abu kamar ƙullu, muka goge, muka bi da rini mai ruwan zuma irin launinta na asali. Ranar da na danna yatsa na ji fatar ta lotsa ta dawo ba ta yi ƙara ba, sai da na yi guɗa ni kaɗai.

Abin da nake so ka ji da kyau shi ne wannan. Inuwar da ta fi kyau a gidan ita ce baranda, don haka a gaban Baba nake aikin. Kwanakin farko kallo kawai yake yi yana gunaguni. Wata safiya sai ya miƙo hannun hagu ya fizge tsumman, ya nuna min cewa ina dannawa da ƙarfi. Tun daga ranar ya zama shi ne mai murza mai, ni 'yar miƙo gwangwani. Har yakan ɗora hannun da ya shanye a kan tsumman, ya tura shi da mai lafiyar. Ba zan ce maka hannun ya warke ba, Allah ne mai warkarwa. Amma mutumin da sai an lallashe shi yake tashi daga gado, yanzu shi ke buga sanda da sassafe a fito masa da kujera, kuma yana cinye tuwonsa tas.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka mayar da kujerar baya. Rajabu ya ɗaura ta direba a yadda take, ya shimfiɗa zane a kanta, ya ce a zo a gwada. Baba ya so zama a gaba, amma ɗaya kujerar tana baranda ba a gama ta ba, dole aka sa shi a baya, Mama ta zauna kusa da shi, ni a gefe. Muka bi bakin teku har Raskazone. Baba yana ta shafa fatar da tafin hannu, can ya yi magana, sai da Mama ta sa ya maimaita. Wai duk shekarun nan bai taɓa zama a bayan motarsa ba, ashe irin daɗin da yake jiyar da 'ya'yan mutane ke nan. Mama ta ce ai gara su, ita ranar aurenta da ƙafa aka kai ta. Baba ya lalubo hannunta ya riƙe, ya ce to yau ga shi ya ɗauko ta. Rajabu ya yi dariya har sai da ya tsaya a gefen titi, ni kuwa na juya ina kallon teku don kada su ga idona.

Saboda haka, Yaya, ina neman afuwarka, amma motar nan ba ta sayarwa ba ce. Ban taɓa tsallake maganarka ba, yanzu ma ba raini ba ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina roƙonka ka kira Kawu ka ce ya sallami dillalinsa, don maganarka kaɗai zai ji. Sauran kujerun gaba biyu, ta direban ta fi kowacce lalacewa, amma da yardar Allah kafin Salla zan gama su. Na kuma fara koyon tuƙi, domin Rajabu ba kullum zai samu sarari ba, kuma na riga na ba Saumu amsa cewa ta shirya 'yarta.

Ka gaishe min da Yaya Zuhura da kyau, da Mbwana mai sunan Baba, da Mwajuma, da auta Sudi. Mama tana sa muku albarka, Rajabu yana gaisuwa, Goggo Mwanamkuu ta Pangani ma ta ce in na rubuto in sa sunanta. Na karanta wa Baba takardar nan kafin in rufe, ya ce in gaya maka ka zo, akwai wuri a baya.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Mwantumu