Na'urar Hoton da Ke Jiran Almakashin Minista

Zuwa ga Mai Girma Direktan asibitin nan namu na Garwa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina kuma taya ka murnar sabon fenti.

Na farko. Yayana Sale ɗan moto ne, mai ɗaukar fasinja a babur, a unguwar Rumde Ajiya. Wani ƙullutu ya fito masa a fatar kafaɗa. Bara aka yanke a wani ƙaramin asibiti ba tare da hoto ba, ya dawo ya ninka. Dokta ɗinku, Allah ya saka masa, ya ce irin ƙarin nan ba a cika ganinsa ba, yana tura saiwa ƙarƙashin fata. Ba zai sa wuƙa ba sai hoton na'urar IRM, mai ganin cikin jiki, ya nuna masa iyakar saiwar. In ta kama nama sosai, hannun ne zai tafi. Da hannun nan Sale ke riƙe kan moto yana ciyar da gidanmu.

Na biyu. Na'urar tana nan! Na leƙa ta taga na gan ta, fara sol, an lulluɓe ta da leda kamar amarya. Mai sarrafa ta ma yana nan, kullum yana shan shayi a ƙofa. Abin da ya tsare mu ƙyalle ne, kore da ja da rawaya, da aka gitta a bakin ɗakin. Wai sai Minista ya zo daga Yawunde ya yanke.

Na uku. Duk sanda aka ce yana tafe, sai ku yi fenti, ku kora majinyata bayan gini kada su ɓata hoto, a kira makaɗa. Sai a ɗage. Bango ya sha magani har ya warke, ranka ya daɗe. Ni ban yi lise ba, wato sakandare, amma na karanta abin da na samu kan ciwon nan, ban ga inda aka ce yana bin jadawalin Minista ba. Sale yanzu riga ma da ƙyar take shiga.

Roƙona ɗaya. Kada ku yanke ƙyallen, Allah ya kiyaye. Ku ɗaga shi kawai, Sale ya sunkuya ya shige, a ɗauki hoton. Ni da hannuna zan mayar da ledar, in share sawunmu. Minista ba zai ji daga bakina ba.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka lafiyar da ba za ta taɓa jiran almakashin kowa ba.

Wassalam.
Ƙanen Sale, Rumde Ajiya.