Tulun Gilashin Inna

Yaya Mudi,

Na fita da sassafe don in samu motar Gashua, ban so in tashe ka ba. Kunu na cikin fulas.

Jiya na kai wa Baba Cosmas tulun gilashin Inna na saka fure, wanda ya saura cikin biyun bayan ɗayan ya fashe ranar da muka janye kwaba, ko zai nemo mana irinsa. Baba Cosmas shi ne tsohon nan mai sayar da kayan tangaran a bakin kasuwa. Na yi ta zaman jiransa har ƙafafuna suka kumbura.

Yana gani ya gane zanen. Ya ce ganyen dabino suke kiransa tun zamanin da jirgin ƙasa ke kawo kaya daga Kano. Amma kamfani biyu ne suka yi irinsa, kuma sai da tambarin da ke gindi ake bambance su. Ya juya shi, babu komai, sumul. Ka san Inna, duk Sallah sai ta dirje su da toka kamar tukunya. Ashe hannunta ne ya cinye sunan.

Don Allah ka daina aika hotonsa ga 'yan Kano, ba za mu samu irinsa ba. Na gaji, Yaya. Ka mayar da shi kwaba, ka sa shi a tsakiya don kada gurbin ya fito.

Ranar Laraba a asibiti Inna ta tambaye ni tulunanta, na ce suna nan ƙalau. In ta kira ka, kada ka ƙaryata ni.

Ƙanwarka,
Rabi